Jama'a ku yi hattara da mai sayar da takalman hawan dutse a Facebook

Jaka 85. Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kaina ya ɗau zafi, jaka 85 na sefa, ban da jaka 5 na ajans, wato kamfanin motar da ya kawo kayan.

Kafin wani ya ce me mutumin Garwa zai yi da takalmin ƙanƙara, ƙanena ne da ke karatu a Marakesh ya ce in zo a Janairu mu hau dutsen Tubkal na ƙasar Maroko, mita 4,167, kuma lokacin ƙanƙara ta rufe shi, sai ka ɗaura kirampon, ƙarfen nan mai haƙora, a ƙasan takalmi. Ni ba sabon shiga ba ne, na hau Dutsen Kamaru daga Buya, amma can babu ƙanƙara. Sai da na yi bincike na gane takalman hawan dutse aji-aji ne gwargwadon taurinsu, akwai B1, B2, B3, na kuma san B2 nake so, mai tauri a ƙasa, da ɗan tudu a dunduniya inda kirampon ke kamawa. To ku gaya min ina gangancin yake?

Abin da ya kama ni magana ɗaya ce. Na ce wa mai sayar da takalmin lamba 42 nake sawa, sai ya turo murya yana cewa "a'a yayana, ɗauki 43, ga safa mai kauri, kuma in kana gangarowa yatsunka za su riƙa dukan gaba, farce ya yi baƙi." Kuma gaskiya ne! Haka masana ke cewa. Na saurari muryar nan ta fi sau goma, yayana, ɗauki 43. Ta yaya ɓarawo zai damu da farcena?

Kayan sun iso ran Talata, ko Laraba ma, don Talatar ce ya ce motar ta lalace a Ngaundere. Kafin nan ai ya karɓi jaka 50, wai gwanjon Turai ne, ƙirar kamfanin La Sportiva na asali, wani a Duwala yana rububinsa. Sauran 35 ɗin na tura bayan bidiyon da ya yi yana murɗa takalmin ya ƙi lanƙwasuwa. Wanda ya iso min da hannu ɗaya na ninke shi kamar silifa. Dunduniya sumul, babu inda ƙarfe zai kama. Tambarin Gore-Tex, yadin nan mai hana ruwa shiga, da gam aka manna. Na tsoma shi a bokiti, ko minti biyu bai yi ba safata ta jiƙe, a ce a kan dutse ne ai yatsun ma sai an yanke.

Ashe tun ranar motar ya yi bulokin ɗina, ban lura ba. Matata ba ta ce komai ba, kallon takalmin kawai ta yi ta wuce kicin, wannan ya fi min ciwo.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin kuɗin duk suna nan, zan ɗora su in na dawo daga Isha'i, har da muryar. Kada ku tura ko dala sai kun lanƙwasa takalmi da hannunku. Yanzu ƙanena yana cewa ai ana ba da hayar kaya a Imlil, ƙauyen da ake fara hawan Tubkal daga can, sai yanzu yake gaya min, bayan jaka 85 sun tafi.