Shagon buga takardu na wani Alhaji a Bur Sudan

Duk mai takardun bugawa a Bur Sudan (Port Sudan, birnin tashar jiragen ruwa ta Sudan), musamman na Larabci, akwai shagon da zan tura shi hankalina kwance. Yana bayan babbar kasuwa. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba, injin fotokwafi biyu, kwamfuta ɗaya, sai ƙaramin janareto da aka ɗaure da sarƙa a bakin ƙofa. Mai shagon Bahaushe ne ɗan Maiurno, garin nan da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya roƙe ni kada in sa sunansa a intanet, don haka Alhaji kawai zan kira shi, kamar yadda kowa ke kiransa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Najeriya, kuma Kirista. A zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS na tashi tun ina sakandare, ƙungiyar da aka fara a Gindiri a 1957, na kuma ci gaba da zumuntar ɗalibai a makarantar koyon jinya. Da aiki ya kawo ni nan, a coci na haɗu da wasu ɗaliban jami'a da yaƙi ya koro daga Khartum. Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023 da aka fara harbe-harbe tsakanin soja da dakarun sa-kai na RSF karatunsu ya tarwatse. An kwashe ɗaliban Najeriya zuwa gida, wasu ta iyakar Masar, wasu ta nan garin. Su waɗannan da na haɗu da su a coci ba inda za a kwashe su. Yawancinsu 'yan Duwatsun Nuba ne, 'ya'yan ikkilisiyar da ta samo tushe daga aikin mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) a garin Heiban tun 1920, SUM ɗin da ta fara sauka a Wase a 1904. Da na gaya musu cewa mishan ɗaya ce ta kai bishara ga kakanninsu da kakannin mutanen Filato, sai da wata yarinya ta tashi ta rungume ni.

Suna taruwa ranar Juma'a da yamma, tunda Lahadi ranar aiki ce a Sudan. Littattafansu duk sun bari a ɗakunan kwanan jami'a. Waya kuwa ba abin dogara ba ce, ga rashin caji, ga tsadar data. Abin da suka roƙa shi ne takarda: darussan nazarin Bisharar Markus da ɗaya daga cikin shugabanninsu ya rubuta, da wasu waƙoƙin sujada. Tsofaffin abokaina na zumunta a Jos da Zariya suka haɗa baiko suka aiko, ni kuma na shiga neman wurin bugawa.

Ban ɓoye wa Alhaji komai ba. Na ce, "Baba, takardun coci ne, akwai ayoyin Littafi Mai Tsarki a ciki. In da damuwa ka faɗa mini, ba zan ji haushi ba." Ya sa tabarau ya karanta shafin farko har ƙasa, sannan ya ce, "Ɗiyata, karatu ne yara za su yi. Kawo." Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake wannan rubutu. Duk takardar da ta lalace a inji, ba ya jefa ta cikin kwandon shara, ba ya kuma bai wa mai sayar da ful (dafaffen wake) da ke gefensa ta naɗe burodi da ita. Yana tara su a ambulan daban ya miƙo mini, ya ce takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a barinta a ƙasa. Ban roƙe shi ba. Musulmi ne mai riƙe da addininsa, ana kiran salla zai ja ƙofa, kuma bai taɓa nuna mini cewa ya yarda da abin da ke cikin takardun ba. Amana ce ya riƙe.

Ɗansa ne ke kan kwamfuta, kuma yana da ido. Ayoyin daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta Larabci ta Van Dyck ta 1865 aka ɗauko su, wadda ke da wasulla a kan kusan kowace kalma. In aka buga da ƙananan haruffa sai wasullan su cakuɗe da layin sama. Yaron ya ƙara girman rubutun ayoyin, ya buɗa tsakanin layuka, ya kuma ba da shawarar a bar fili a ƙarƙashin kowace tambaya don ɗalibai su rubuta amsa. Ya ninka takardun biyu, ya ɗinke tsakiya da waya, suka fito ƙananan littattafai masu shiga aljihun jaka. Baƙin rubutun ya fito sosai, ba ya goguwa a hannu ko da gumi, kuma wanda ya san zafin Bur Sudan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shagon yana da nasa rauni. Bangon da suke sawa siriri ne, ba ya jimre yawo daga hannu zuwa hannu. Bugun launi kuma kada ma a fara, ja yana fitowa kamar ruwan zoɓon da aka tsinka. Alkawarin lokaci ma sai a hankali: in ya ce jibi, a ƙara kwana. Wani jinkirin ba laifinsa ba ne. A watan Mayun 2025 da jirage marasa matuƙa suka kai hari kan rumbunan mai na garin, wuta ta ɗauke, mai ya yi wuya, aikinmu ya kwanta. Amma wani jinkirin na karɓar aikin da ya fi ƙarfin injinsa ne, musamman lokacin jarrabawa. Na faɗa masa haka, ya amsa bai yi musu ba.

Farashi yana bin faɗuwar fam ɗin Sudan, abin da aka faɗa yau ba lallai ya kai mako mai zuwa ba. Sai dai in ka biya kafin alƙalami, a kan wannan farashin zai tsaya ko da rim ɗin takarda ya tashi. Yana karɓar Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya, bai kuma taɓa ƙara mini ko sisi don ban kawo tsaba ba, har a lokacin canjin takardun 500 da 1000 a ƙarshen 2024 da tsabar kuɗi ta yi ƙaranci. Yana rubuta rasit da hannu, yawan shafi da yawan kwafi, ya buga hatimi. Hotonsa nake ɗauka in tura wa masu baiko, kowa ya ga inda kuɗinsa ya shiga.

A nan nake da magana da 'yan'uwa a gida. Mun fi saurin buɗe jaka in aka ce ɗalibi zai tafi aikin bishara wata ƙasa. Ina girmama wannan ƙwarai. Ƙungiyar mishan ta CAPRO ma matasa ne suka fara ta a Zariya a 1975, ga inda ta kai yau, kuma ƙanwata da kanta ta je Nijar da 'yan zumuntarsu a dogon hutu, ta dawo da wata irin natsuwa. Amma a Sudan ta yanzu, ɗalibin da ya zo daga waje zai buƙaci biza, masauki, tafinta da mai kula da tsaronsa. Waɗanda ke nan suna jin Larabci da harsunan Nuba irin su Moro da Otoro, sun san wanda ya rasa uwa da wanda bai ci abinci ba tun jiya. Kuɗin tikitin jirgi ɗaya zai buga musu littattafai masu yawa, ya biya kuɗin raksha (a-daidaita-sahu), har a samu na shayi da burodi bayan nazari. Ku ci gaba da aika masu tafiya, amma ku ware wani kaso don waɗanda suke wurin tun da farko.

Wanda zai je shagon ya kai aikinsa a filas, a ajiye shi a PDF, don in ba haka ba haruffan Larabci kan rarrabu a kwamfutarsu. A je da sassafe kafin wuta ta ɗauke, a nemi kwafi ɗaya na gwaji a duba kafin a buga sauran. Bango kuma a sayo kwali mai kauri a kasuwa a kai musu, suna sawa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ranar Juma'a ba sa buɗewa.