Ayan ɗin gashi da na saya a Kejetia wai ana ja a kan jiƙaƙƙen gashi: tauraro biyu na ba shi

Tun watan Disamba nake cewa zan rubuta wannan abin, amma duk sanda na fara sai raina ya ɓaci in ajiye wayar. Yau dai ƙawata ta turo min hoton irin ayan ɗin nan sak tana tambaya wai ta saya ne, nace tsaya tsaya kar ki tura musu MoMo tukuna, bari in ba ki labari, in kin ji kin ga za ki iya toh bismillah.

Ayan ne na miƙar da gashi, mai faranti biyu da ake matse gashi a tsakani a ja. A kasuwar Kejetia ta Kumasi na saye shi, cikin sabon ginin wajen masu kayan gashi, sidi 220 bayan mun sha ciniki dan daga 300 yaron ya fara. Ba zan faɗi shagon ba, sunan da ke jikin kwalin ma ba shi da amfani tunda na ga irin sa a Adum da wani suna daban, kala ɗaya, siffa ɗaya, inaga wuri ɗaya ake yin su kowa ya manna sunan da ya ga dama. Yadda za ki gane shi, akwai 'yan ramuka a jere a bayan farantin, a kwalin kuma hoton wata baturiya rabin kanta jiƙe rabi a miƙe yana sheƙi. Mai shagon yace min, Hajiya wannan ba ruwanki da diraya, kina fitowa wanka ki goge da tawul kawai ki ja, ramukan nan da kike gani ta nan ruwan yake fita. Ni kuma wlh maganar ta shige ni, dan duk mai gashi irin nawa ta san wahalar, shekara 3 kenan da na bar rilaksa, gashin ya cika dam, in na wanke da safe na ɗaura ɗankwali na sa hijabi har magariba tsakiyar kan da damshi, ga wuta da ba ka da tabbas a kanta kina cikin diraya sai a ɗauke. Abin da zai haɗa min busarwa da miƙarwa a lokaci ɗaya ai ba sai an roƙe ni ba.

Ranar da na fara amfani da shi ranar awuren 'yar yayata ne a Aboabo, Lahadi. Salun ɗin unguwa ya cika tun asuba kowa da kayan yayinta a leda, nace ni kam yau na huta da layi. Kar wata tace ai ɗankwali zai rufe, mu dai mun san kanmu, in an shiga ɗakin amarya kowa ture nata take a ga wa ya fi. Na wanke da shamfu, na sa kwandishina, na goge da tawul sosai har ba ya ɗiga, na shafa man kaɗe wai dan kar ya ƙone, na murɗa ayan ɗin zuwa wajen digiri 200 dan ina sauri. Ina matse silin farko naji tsssss, kaman an jefa ƙosai a mai, tururi ya taso ta ramukan har ya taɓa min kunne. Mma tana tsakar gida tace ke me kike soyawa a ɗaki, nace Mma ba komai ruwa ne yake fita, haka aka yi shi. Tace ni dai ƙauri nake ji. Ban saurare ta ba. Kuma ja ɗaya ba ya isa, sai na bi wuri ɗaya sau huɗu sau biyar kafin ya bushe ya kwanta, ko ina sai wannan ƙarar.

Gaskiya dai ranar na yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Gashin ya sauko har kafaɗa, aka yi ta taɓawa ana ina kika yi, ni kuma ina ta yi wa ayan ɗin talla kyauta, Allah ya yafe min mutum biyu na kwatanta musu shagon.

Sai bayan sati da na sake wankewa abin ya fito. Na farko warin, ruwa na taɓa kan ƙaurin nan ya dawo kaman yanzu aka babbake. Na biyu, gashin da in ya ji ruwa yake nannaɗewa ya koma yadda Allah ya yi shi, gaba da gefen hagu sun ƙi komawa, sun tsaya a miƙe laƙwas kaman zaren buhu, sauran kan kuma ya murɗe, kai ɗaya gashi iri biyu. In na shafa sai in ji kaushi-kaushi a jikin silin, in na sa mataji ba daga tushe yake fita ba, daga tsakiya yake karyewa, guntaye guntaye a kafaɗa da kan filo kaman an yi wa yaro aski. Ga hunturu ya shigo iska a bushe, abin ya haɗu ya min yawa. Na sa man kaɗe, na sa man kwakwa, na yi haɗin ƙwai da zuma da aka ce, duk a banza, ya yi laushi kwana ɗaya gobe ya ci gaba da zuba.

'Yar ƙanwar Mma nas ce a asibitin Komfo Anokye, ita ta zaunar da ni ta min bayanin da na gane. Tace Yaya kin san gugguru? Ruwan da ke cikin ƙwayar masarar ne yake zama tururi ya rasa hanyar fita ya fasa ta. Gashi in ya jiƙe ba a bayansa kawai ruwan yake ba, shan ruwan yake har ciki ya kumbura, yana iya ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, kuma tawul na waje kawai yake gogewa. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, ke kuma kin ɗora masa ƙarfe mai 200 kin matse ta sama da ƙasa, in ruwa ya zama tururi faɗinsa yana ninkuwa fiye da sau 1,600, toh ina zai je? Sai ya yi bororo a cikin silin, ƙananan ramuka na iska, wurin ya zama fanko da an ɗan ja ya ɓalle. Tace likitocin fata sun san abin, tun 1986 aka rubuta shi a Amurka, sunan da suka ba shi in an juya shi gashi mai kumfa kenan, dan a madubin asibiti haka silin yake fitowa kaman soso. Wato wannan tsss ɗin da nake murna ruwa na fita, gashina ne yake dahuwa. Ramukan ayan ɗin kuwa tururin da ya riga ya fito suke fitarwa, ba ruwansu da wanda ke cikin gashin. Man kaɗen da na shafa ma ba kariya ba ne, mai da wuta da ruwa ai suya na haɗa. Abin da ya fi min ciwo da tace gashi ba fata ba ne da zai warke, wanda ya fito daga kai ya riga ya mutu, duk maganin da za a sayar min rufe ɓarnar kawai zai yi na ɗan lokaci, sai dai almakashi.

Haka na tafi wajen Anti mai kitso a Asawase, wadda tun ina budurwa take min kai, na guje ta ranar dan sauri. Tana kwance ɗankwalin ta yi shiru, sai tace 'yata wa ya miki wannan aikin, nace Anti ni ce da hannuna. Ba ta min faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta jiƙa kan ta bi shi kashi kashi tana duba inda murɗin ya tsaya inda miƙaƙƙen ya fara, ta datse kusan inci 3 a gaba, bayan kuma kaɗan ta taɓa. Gashi wajen santimita 1 yake yi a wata, ki yi lissafi da kanki, minti arba'in na sauri ya ci min fiye da rabin shekara.

Yanzu dan adalci bari in faɗi abin da ayan ɗin ya iya, dan bayan na huce na gwada shi a kan ƙanwata yadda Anti ta ce. An wanke da daddare, aka kitse manya manya ya kwana, da safe aka bi da handiraya har ya bushe ƙarau, tushen ma aka taɓa ba sanyi, aka fesa maganin kare zafi na gaskiya irin mai silikon ɗin nan ɗan kaɗan, muka sa a 160, sili ƙanana, mataji a gaba ayan a baya, ja ɗaya. Ba ƙara ba tururi ba ƙauri, ya miƙe lafiya, da ta wanke kuma gashinta ya koma. Yana zafi da wuri, igiyar doguwa ce tana juyawa ba ta harɗewa, kan fulogin mai ƙafa uku ne irin na soket ɗinmu kuma na wutar 230 ne, ba irin wanda 'yan uwa ke aikowa daga Amurka na 120 ba da in ba a dace ba kina sawa ya yi hayaƙi. Tauraro biyun nan na wannan ne.

Sauran kuma sai a hankali. Ba shi da allon da zai nuna zafin, ɗan abin murɗawa ne kawai kuma lambobin har sun fara gogewa, yanzu da ƙiyasi ake sawa. Bayansa yana ɗaukar zafi har ba ya riƙuwa ta baki. Ba ya kashe kansa, wata rana aka ɗauke wuta na manta shi a jone na fita, da aka kawo Allah ne ya sa yarona ya ji wari, ya narkar min da bakin ledar tebur. Farantin ma shafen da ke kansa ya fara karcewa a gefe yana kama gashi.

Wai kuma kar a ce duk abin miƙar da gashi da aka rubuta yana aiki a jiƙe da bushe ƙarya ne. Akwai na kamfanin Dyson da ya fito a 2023, Airstrait, shi ba faranti mai zafi gare shi ba, iska yake hurawa ta busar ta miƙar, amma da ya fito kuɗinsa wajen dala 500 ne, ni da nake cinikin sidi 80 ina ni ina shi. Kamfanin ghd kuma nasu ayan ɗin a digiri 185 suka tsaida shi ba ya wucewa, wannan nawa kuwa har 230 aka rubuta, kuma a ce ki ɗora a kan gashi mai ruwa, haba dan Allah.

Na koma shagon fa, na hau pragya, babur mai ƙafa ukun nan, takanas da ayan ɗin a jaka. Na ɗan ɗaga hijabi na nuna wa yarinyar da ke taya mai shagon gaban kaina, ita dai ta ce ayya sannu Hajiya. Shi kuwa cewa ya yi ai ba jiƙe sharkaf ake nufi ba, ɗan damshi-damshi, nace ɗan'uwa ba kai ka ce in goge da tawul in ja ba? Yace toh ƙila gashina ne ba shi da ƙarfi. Kuɗi dai ba a mayarwa, canji ma babu tunda an buɗe kwali. Sai ya jawo wata 'yar kwalba daga ƙasan kanta wai wannan mai ne na gyaran gashin da ya ƙone, sati biyu zai dawo, zai bar min a sidi 90 saboda ni kwastoma ce.

Kaina yanzu yana cikin kitso wata na uku kenan, Anti tana kwancewa tana sake datse bakin kaɗan kaɗan. Ayan ɗin yana nan, kwalar rigar makarantar yarona nake gogewa da shi da safe, da bakin hijabi in ya naɗe, a nan kam ko da ɗan damshi yana miƙewa fes.