Quelqu'un, n'importe qui da on: wanne ya dace a ina?

Ƙanwata, kin ce a darasin Faransanci kin rubuta "N'importe qui a frappé à la porte" kina nufin wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, malaminku ya bi da jan biro ya mayar da shi "Quelqu'un a frappé", kina tambaya ina bambancin tunda duka biyun mutumin da ba a sani ba ake nufi. Malamin naku yana da gaskiya, domin rashin sanin iri biyu ne.

Idan aka ce quelqu'un, to akwai mutumin, guda ɗaya, ke ce dai ba ki san ko wane ne ba, ko kuma kin sani ba ki ga damar faɗa ba. Shi ne "wani" ko "wata" namu. N'importe qui kuwa ba ya tsayawa kan kowa, duk wanda aka ɗauko ya yi. Shi ya sa za ki yawaita ganinsa tare da pouvoir, wato "iya", ko cikin umarni: "N'importe qui peut le faire", ko wane ne zai iya, "Demande à n'importe qui", tambayi duk wanda kika gani. Ƙwanƙwasa ƙofar nan kuwa an riga an yi ta, kuma hannun mutum ɗaya ne ya yi, babu sauran zaɓi a ciki. Ki jera waɗannan biyun ki ji: mota ta mutu a hanya, direba ya ce wa yaronsa "Appelle quelqu'un", kira wani ke nan. In ya ce "Appelle n'importe qui", to ya matsu, ko mai sayar da rake ne a zo a kama turi.

A ganina abin da ke rikita mu shi ne "kowa". Kalma ɗaya ce a wurinmu, Faransanci ya raba aikinta gida uku. "Kowa ya zo" tout le monde ne. "Kowa zai iya", in ana nufin ba sai gwani ba, n'importe qui ne. "Ban ga kowa ba" kuwa personne ne: "Je n'ai vu personne". Ki lura personne yana zuwa bayan vu, amma rien yana riga shi: "Je n'ai rien vu", ban ga komai ba. Kuma kada ki haɗa "Je ne parle à personne" da "Je ne parle pas à n'importe qui". Ta farko ba ta magana da kowa sam, ta biyun tana magana, sai dai tana zaɓen da wa.

A nan ne raini yake shigowa cikin n'importe. "Ce n'est pas n'importe qui" yabo ne, ana nufin ba ƙaramin mutum ba ne. "Il dit n'importe quoi" kuwa shirme yake yi, kuma "C'est n'importe quoi !" za ki ji shi a bakin mai fushi daga Faris har Yamai. Quelque chose ba ya ɗauke da wannan launi ko kaɗan: "Il a dit quelque chose", ya faɗi wani abu, shi ke nan.

Akwai na uku da ba ki tambaya ba, alhali shi ne ya fi dacewa da jimlarki: "On a frappé à la porte". Bahaushe bai kamata ya sha wuya da on ba, tunda muna da "an", "ana" da "za a". "On dit que", ana cewa. "On m'a volé mon téléphone", an sace mini waya, hankali yana kan satar. "Quelqu'un a volé mon téléphone" kuwa ya fara waiwayen ɓarawon. Asalin on daga homo ne na Latin, tushe ɗaya da homme, wato mutum. On ba ya zama komai a jimla sai mai aikata aiki, ba a cewa "j'ai vu on". Inda ya saɓa da namu shi ne a hira yana maye gurbin nous, wato "mu": "On y va", mu tafi. Aikatau yana nan tilo kamar na il, wato "shi", amma sifa tana iya ɗaukar jam'i, "on est fatigués", mun gaji. A wasiƙar neman aiki dai ki riƙe nous.

Tunda jarrabawa ce a gabanki, ga abin da masu duba takarda suke kamawa. Sifar da ta biyo quelqu'un, quelque chose, personne ko rien sai da de a tsakani, kuma namiji ce ko da mace ake nufi: "quelqu'un de gentil", "quelque chose de bon", "rien de grave". Chose tamace ce, amma ba a cewa "quelque chose de bonne". Sai kuma wannan, wanda na fi so: "Je cherche quelqu'un qui sait parler haoussa", ina neman wanda ya iya Hausa, na nufin kin tabbata akwai mutumin, nemansa kawai kike yi. In kika ce "qui sache parler haoussa", da subjonctif, sigar aikatau ta fata ko shakka, kina fata ne a samu, ba ki da tabbacin akwai shi. In kuwa kin san sunan amma ba ki san mai sunan ba, un certain za ki ɗauko: "Un certain Moussa a téléphoné", wani wai shi Musa ya bugo waya.