Otoekol ɗin da na yi permi a Yamai, ga mai tambaya ko ya kai ƙanensa

Tunda an yi ta tambayata a kan otoekol ɗin nan na wajen Wadata bari in faɗi ra'ayina sau guda kowa ya huta. Motocinsu sun tsufa, wannan ba a ɓoye shi, ambiriyaj ɗin guda sai ka taka da ƙarfin tuwo, kuma lokacin kondiwit ba su riƙe alkawari, a ce maka ƙarfe bakwai ka zo ka yi ta gadin inuwa har rana ta take. Amma malamin kod ɗinsu, wato mai koyar da dokokin hanya, wani dattijo mai fama da alli, shi kaɗai ya isa kuɗin da aka biya.

Sauran wurare pano kawai ake haddace maka da wa ke da hanya a rampuwan, ka ci jarrabawa ka tafi. Shi wannan baba sai da ya tsaya ya warware mana zancen mai buge mutum ya tsere, abin da mu ƴan gari muke ɗauka kamar dabara ce. Ya ce dokar laifuka ta Nijar, wadda asalinta tun 1961 ne kuma tsarin Faransa ta biyo, ta kasa laifi gida uku: kontarabansiyon shi ne ƙarami irin na tara, deli na tsakiya wanda ake kai mutum gaban alƙali har ya iya kwana gidan kaso, sai kirim shi ne babba. To gudu bayan hatsari deli ne, ba irin na ƙin sa kas (hular kwano) ba da za ka biya tara ka karɓi babur ɗinka. Kuma in akwai wanda ya ji rauni laifin ba guda ba ne, ga raunin da ka ji masa ba da gangan ba, ga gudun, ga barin mutum cikin halaka ba ka taimaka ba, wanda shi ma laifi ne mai zaman kansa. Ya ce a Faransa gudun kaɗai yana iya kai ka ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 75,000, a Amurka kuma kowace jiha da tata doka, kamar Kaliforniya in ƙarfe kawai ka ɓata ƙaramin laifi ne amma da jini ya fita ana iya ɗaga shi zuwa babba.

Wani yaro ɗan kabu-kabu ya ce baba ai in ka tsaya a Katako jama'a za su kashe ka kafin polis su iso, duk aji muka ce ƙwarai, don mun san halin mutanenmu. Dattijon bai musa ba wallahi, nan ya burge ni, ya ce ɗana in ka ga ranka na cikin hatsari ja motarka amma kada ka nufi gida kada ka nufi garaji a gyara maka gaban mota, miƙe komisariya ko jandarmari mafi kusa ka ce ga ni na buge mutum wuri kaza, kana hanya ka kira 18 sapar pompiye su ɗauki mai rauni, 17 kuma polis. Abin da alƙali ke dubawa shi ne ka san ka yi hatsari sannan ka nemi ɓacewa don kada a kama ka da alhaki. Ya ƙara da zancen konsta, wato takardar bayanin hatsari, da asirans, cewa rashin takardar asirans ne ke sa rabin masu gudun nan gudu, wannan kam ra'ayinsa ne amma ban ga ƙarya ciki ba.

Sakatariyarsu ba ta da fara'a ko kaɗan, kuma ku nemi rasi duk kuɗin da kuka ba da. In don kod ne ku kai yaranku, kondiwit kuwa sai an haɗa da wani ɗan'uwa mai mota ya riƙa fita da su fili ran lahadi.