Hanyoyin Auna Fomen Kafin a Damƙa Masa Layin Aiki: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Mai masana'anta a Kakuri ko Kudenda da ke Kaduna ba ya sayen inji sai ya kwatanta farashi da ƙarfi da sauƙin samun kayan gyara, amma idan aka zo zaɓen wanda zai shugabanci ma'aikatan da ke kan injin, sau da yawa a zama ɗaya ake yanke shawara. Alhali hanyoyin auna fomen su ma haja ce da ake biya, wata da kuɗi, wata da lokaci, kuma kowacce akwai abin da take nunawa da abin da take ɓoyewa. Abin da ake son ganowa shi ne ko gyaran da aka yi wa tsarin aiki zai ɗore a hannunsa bayan ɗokin farko ya wuce, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A tsarin 5S na Japan, mai matakai biyar na kintsa wurin aiki, matakai huɗu na farko, wato ware abin da ba a buƙata, ajiye kowane kaya a muhallinsa, tsabtacewa da rubuta ƙa'ida, ana iya ganin alamarsu cikin 'yan kwanaki. Na biyar, wanda suke kira Shitsuke, shi ne riƙe ƙa'idar har ta zama ɗabi'a, kuma a wuyan fomen yake.

Hanya mafi araha ita ce duba takardu da yin intabiyu. Difloma daga Kaduna Polytechnic, ko shaidar kwas na ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ko takardar Six Sigma, tsarin rage lahani a kaya da kamfanin Motorola ya ɓullo da shi a 1986, duk suna tabbatar da cewa mutum ya san ka'idar abin, sai dai ba sa faɗin yadda zai yi idan ma'aikacin da ya girme shi ya koma tsohuwar hanya a gaban idonsa. Ana iya ƙara wa wannan hanya daraja ba tare da an kashe ko sisi ba, ta hanyar ba shi sabon ma'aikaci a ce ya koya masa aiki guda ana kallo. Tsarin horon da masana'antun Amurka suka yi amfani da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Toyota ta ara daga baya, ya kasa koyarwa gida huɗu: a shirya mai koyo, a nuna masa, a bar shi ya gwada, sannan a riƙa bibiyarsa. Wanda ya tsallake na huɗun a gaban masu intabiyu, da wuya ya tuna da shi a tsakar dare.

Hanya ta biyu ita ce ɗauko ƙwararre daga waje, kuma ita ce mafi tsada. Amfaninta shi ne baƙo ba shi da ɗan'uwa ko abokin gaba a cikin ma'aikata, kuma idonsa yana ganin abin da na gida suka saba da shi har suka daina gani. Rauninta kuma kowa ya sani: da zarar an ji ranar zuwansa, za a share, a yi fenti, a cika littattafai. Haka nan kada a ɗauka takardar ISO 9001, shaidar tsarin kula da inganci wadda ake sabuntawa bayan shekara 3 tare da binciken shekara-shekara, ta wadatar, domin tsarin kamfani take tantancewa gaba ɗayansa, ba halin fomen guda ba. Duk wanda zai biya ƙwararre ya tabbata yarjejeniyar ta ƙunshi dawowa bayan wata uku ba tare da sanarwa ba, kuma ziyara ɗaya ta faɗo kan masu aikin dare. Kaduna tana da wata dama a nan. Garin da aka kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, aka kuma fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, bai rasa tsofaffin sufabaizoji da suka yi ritaya ba, kuma irin waɗannan dattawa, idan aka dace da nagari, sukan gane layin da ake kula da shi tun daga ƙarar injinsa.

Hanya ta uku, wadda a ganina ta fi sauran faɗin gaskiya, ita ce a ba mutum riƙon ƙwarya na layi ɗaya tsawon wata uku zuwa shida. Sharaɗinta shi ne a rubuta alƙaluma tun kafin ya karɓa: awa nawa inji ke tsayawa a mako, kaya nawa ake warewa saboda lahani, minti nawa ake ɗauka wajen canza inji daga wani samfur zuwa wani. Wajibi ne a cire tsayawar da ɗauke wuta ko ƙarewar dizal ta jawo daga lissafinsa, in ba haka ba za a hukunta shi kan abin da ba shi da iko a kai. Alƙaluman watan farko ba su da nauyi sosai, tunda kowa yana ƙoƙari idan ya san ana kallonsa. Na watannin ƙarshe su ne abin dubawa.

Na taɓa shiga wata masana'antar robobi inda aka kafa allo aka zana siffar kowane sufana da sukurdireba a inda ake rataye shi. Siffofi uku babu komai a kansu, kuma ƙurar hunturu ta kwanta a gurbinsu, alamar kayan sun daɗe ba su dawo ba. Takardar duba inji ta mako guda kuwa an cika ta tsaf, amma da biro ɗaya da rubutu iri ɗaya, har da ranar da ba a yi aiki ba. Babu intabiyun da zai fito da wannan. Shi ya sa hanyar riƙon ƙwarya take buƙatar manajan da zai bar ofis ya sauko bakin inji. An san Taiichi Ohno na Toyota da zana da'ira da alli a ƙasa, ya sa mutum ya tsaya ciki yana kallon aiki har sai ya ga inda ake ɓarna. Gwaji mafi tsauri a cikin wa'adin shi ne a ba fomen hutun mako biyu. Idan layin ya ci gaba a kan ƙa'ida ba ya nan, to ya koyar da mutanensa. Idan ya wargaje, da tsawa yake riƙe da shi. Tsadar wannan hanya ita ce jinkiri, da kuma hasarar da za a iya yi idan mutumin bai iya ba, saboda haka kada a fara da layin da ya fi kawo kuɗi.

Akwai kuma jin ta bakin ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa. Wannan ba ta tsayawa ita kaɗai, domin hassada da ɓangaranci sukan shiga ciki. Ta fi amfani idan aka bar tambayar ko suna son sa, aka tambayi abin da ya faru: yaushe rabon da wani ya kawo shawara aka yi aiki da ita, kuma me fomen ya yi ranar da aka samu kaya masu lahani.

Ƙaramar masana'anta mai layi ɗaya ko biyu, kamar ta ruwan leda ko ta abincin kaji, ba ta buƙatar ƙwararre mai tsada. Gwajin koyarwa a ranar intabiyu da riƙon ƙwarya sun ishe ta, muddin mai ita zai riƙa zagayawa da kansa. Wadda ke aiki dare da rana, ko take sayar wa manyan kamfanoni masu binciken inganci, ta haɗa riƙon ƙwarya da ziyarar baƙo sau biyu. A kowane hali a ba mutumin takarda tun ranar farko, mai ɗauke da alƙaluman da za a auna shi da su, da alawus ɗin riƙon, da ranar da za a zauna a yanke hukunci, da kuma matsayin da zai koma idan ba a tabbatar da shi ba.