Sitika mai ƙyalli: mai ƙwayar gilashi ko mai kusurwa?

Masu abin hawa kullum tambayata suke wacce za su manna a baya. Aikin sitikun biyu ɗaya ne, mayar da hasken fitila inda ya fito.

Mai ƙwayar gilashi ta fi araha, ko daga gefe aka haska ta tana amsawa, sai dai haskenta ba ƙarfi.

Ɗayar cike take da ƙananan kusurwoyi kamar lungun ɗaki, haske ya bugi fuska uku ya juyo. Wannan dabarar ce a madubin da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969. Sitikar akwai tsada, amma tun daga nesa ake hango ta.

Mai babur cikin gari, ta gilashi ta ishe shi. Direban tirela mai tafiyar dare kuwa, ya daure ya sayi mai kusurwa.