Hafkoba ɗinkin Kano ko ɗan Caina: abin da ƙafata ta shaida

Takalmin da zan yi magana a kansa hafkoba ne baƙi na fatar saniya, wanda wani baduku ya ɗinka mini a gefen kasuwar Ƙofar Wambai a Kano. Kafin shi ɗan Caina nake sawa, irin mai zuwa a kwali da farar takarda, yana ta ƙyalli. Kuɗin na badukun ya kusa ninka na kwalin. Yanzu ya ga damina ya ga hunturu a ƙafata, don haka ina da bakin magana.

Koyarwa nake yi, a babur nake zuwa makaranta, kuma tsayuwa ce yawancin aikina. Ga kuma abin da masu ƙera takalmi a can ƙetare ba sa lissafawa da shi: ƙafar Bahaushe ba ta bushewa. Ka yi alwala, ka zura ƙafa da danshinta, ka cire a ƙofar masallaci rana ta gasa shi, ka fito ka sake zurawa. Ɗan Cainan da na riƙa saya ba ya jure wannan. Abin da ake ce masa fata, leda ce aka shimfiɗa a kan yadi. Daga inda yatsu ke lanƙwasa take fara tsagewa, sai ta shiga ɓarewa kamar bawon albasa, tun ƙasan takalmin bai ko side ba. Mai bai yi masa magani, gam ma haka. Wani ɗan shushaina da na miƙa wa guda ya juya shi ya ce, "Malam, wannan ba ya karɓar zare, ina soka basilla zai yage." Daga nan sai bola.

Na badukun kuwa karɓar gyara ne babban abin da ya fi shi da shi. Ƙasansa ɗinke yake da zare bayan gam, ba manne kawai ba. Da dugadugin ya side ta gefe guda, saboda yadda nake taka ƙasa idan na tsayar da babur, sai na mayar wa wanda ya ɗinka shi. Ya ɓamɓare, ya sa sabo, kuɗin bai kai na kwanon shinkafa ba. Fatar sama tana nan. Hunturu ya so ya busar da ita, na shafa mata man kaɗanya da daddare, da safe ta yi laushi. Ta kuma bi siffar ƙafata, har ɗan ƙashin da ya fito mini a gefen babban yatsa ta yi masa gurbi. Ba ta tara gumi da wari irin na leda. A tsawon lokacin da ya yi a ƙafata, da ɗan Caina ne da tuni na sake wani, wataƙila ma na sake na sakewa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma a nan ba adon ne damuwata ba, lissafin ne.

To, kada a ɗauka yabo na zo yi kawai. Makonnin farko na sha wuya. Fatar ta yi tauri, ta goge mini bayan ƙafa har ya tashi. Rinin cikinsa ya zuba, ya maida mini farar safa ruwan toka, kuma bai daina ba sai da aka jima. Idan ka ɗaga shi ka duba gefe, za ka ga inda gam ya malalo ya bushe ba a goge ba. Ƙafar dama ta ɗan fi ta hagu faɗi a baki, kaɗan ne, amma mai ido zai gani. Sai alƙawari. Badukun ya ce mini Alhamis, Alhamis ta zama wata Alhamis ɗin, don na kai aikin ana dab da Sallah. Batun lamba kuma a bar shi: abin da wani baduku ya kira 42, na kusa da shi 43 zai ce. Shi ya sa na tsaya ya zana ƙafata a kan kwali. Duk waɗannan ba matsalar jari ba ce. Goge gam da tsumma ba ya cin ko sisi, kuma daidai nan ne ɗan Caina yake ƙwace mana masu saye, domin shi a kanti ba ya da makusa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tambarin da badukun ya so ya buga a ciki, mai nuna wai a Italiya aka yi. Na ce masa, "Haba Maigida, aikin hannunka ne fa." Ya yi dariya ya ce idan bai buga ba, masu sari ba sa ɗauka da daraja. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, mu ne muka koya masa. Abin haushin, garin da ake ɓoye sunansa shi ne wanda Baturen Jamus Heinrich Barth ya tarar a 1851 yana fitar da takalma zuwa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa, raƙuma suka ƙetara Sahara da ita, ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Wato sa wa kayanmu sunan wasu ba yau aka fara ba. Har gobe majema suna nan a cikin birni suna jima da bagaruwa, ga unguwa guda mai suna Dukawa, ga cibiyar binciken fata ta tarayya a Samarun Zariya.

Na zauna na kalli yadda yake aiki, sai na fara tambayar kaina, wai nawa ne na gida a cikin wannan "na gida"? Fatar tamu ce, hannun namu ne. Amma robar ƙasan, da gam, da zaren, da ɗan ƙarfen ado, ya ce mini duk shigo da su ake yi, yawanci ma daga Cainar da muke gudu. Shi ya sa da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, takalmin baduku ma bai tsira ba. Ga cire tallafin mai a watan Mayun 2023, shi kuma injin goge takalmi da janareta yake tayar da shi idan babu wuta. Ita ma fatar ba a sauƙaƙe take zuwa hannunsa ba. Manyan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa waje suke kallo, fatun awaki da tumaki masu kyau su tafi Italiya da Sifaniya. Ta saniya kuwa da tukunya ake takara, domin ganda muke yi da ita mu cinye. Baduku abin da ya rage yake tsinta, ya saya da tsada.

Gwamnati ta sha faɗin a sayi kayan gida. An fitar da umarnin shugaban ƙasa a 2017 cewa ma'aikatu su fifita su wajen saye, a 2025 aka sake shelanta manufar sa Najeriya a gaba. Madalla. Amma ni ba don kishin ƙasa na koma wurin baduku ba, kuma ba zan ce wa mai albashi irin nawa ya sayi abu don tausayin mai yin sa ba. Da takalmin nan ya mutu da wuri, da ban sake taka rumfar ba.

Kuma a yi wa Caina adalci. Suna yin mai kyau, 'yan kasuwarmu ne suke zuwa su ce a yi musu mafi araha, don sun san aljihun da za su sayar wa. Akwai ma inda har yanzu nasu nake saya ban ji kunya ba. Yarana ƙafarsu girma take yi kafin takalmi ya tsufa, ban ga dalilin ɗinka musu na fata mai tsada ba. Ranar da aka yi ruwa unguwarmu ta cika da taɓo, na roba nake zurawa, don fata da kwata ba sa shiri. Wanda kuma kuɗin hannunsa na yau bai wuce na ɗan kwali ba, ba zai tafi aiki babu takalmi yana jiran lissafin shekara ba. Akwai ma wanda ya ce mini shi da gangan yake sayen mai araha saboda masu musanye a ƙofar masallacin Juma'a, kuma ban iya musa masa ba.

Wanda ya yi niyyar gwadawa, ya je da kansa, kada ya yi aike. Ya duba bakin fatar inda aka yanke: ta gaske gashi-gashi take yi ta ciki, leda kuwa za ka ga yadi a manne a bayanta, domin a rumfunan ma akwai masu ɗinki da ledar su ce maka fata ce. Ya ce a ɗinke ƙasan da zare ko da za a ƙara masa kuɗi, ya goga farin ƙyalle a cikin takalmin ya ga ko rini na zuba, kuma kada ya biya duka sai ya sa ƙafa biyun ya taka. Idan don Sallah ne, ya kai aikin tun kafin a fara azumi.